Kitson da Gwaggo Ta Maimaita

Gwaggo mai kitso ba ta taɓa mallakar babbar waya ba, amma ban san wanda ya fi ta kallon abin da ke yawo a intanet ba. Tata wayar 'yar ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, aikinta kawai a kira a ce ana nan tafe. Sauran duniya kuwa ta saman kawunan mutane take ganinta. Mace za ta zauna a 'yar kujera tsakanin gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai, ta zaro waya don ta rage tsawon zama, Gwaggo na bisa tana tsaga tana leƙe. Shekara talatin da 'yan kai tana kitso, goma sha biyun ƙarshe duk a haka ta yi su.

Shagon nata ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Akwai labule a ƙofa, da benci guda na masu jira, da madubi mai tsaguwa a kusurwa, da fanka da ke kuka kamar ana matsa mata. A cikin wani tsohon gwangwanin madara take zuba matajai da tsinken tsaga. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma har matan da suka girme ta haka suke kiranta. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu tun 'ya'yansu uku suna ƙanana, da yatsun nan goma ta raine su har kowa ya kama gabansa.

Abin da ke kai ni shagon, ban da kitso, shi ne sharhinta. Ba ta ɗaga murya, ba ta tsayar da hannu, sai dai ta jefo magana ɗaya ta ci gaba. An taɓa nuna mata kyanwa tana taka maɓallan kayan kiɗa, duk shago ana ta mamaki, ta ce a duba da kyau, akwai kifi a hannun mai ɗaukar hoton. Da ta ga wani ƙato ya cinye ƙwai hamsin a zama ɗaya, ba shi ta tausaya wa ba, matarsa ta tausaya wa. Masu haƙa tafkin wanka a tsakiyar daji da ɗan sanda kuwa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai haƙa rami da tsabtataccen farce ba.

Fina-finai masu dogon zango a hargitse take kallonsu. Wannan ta zo da kashi na arba'in, mai bi mata tana kashi na shida, ta yamma kuma tana na ƙarshe. Sai ta ga an binne mutum da safe, da azahar ta gan shi yana neman aure. Ko a jikinta. Ta ce ya fi daɗi a haka, don in ka riga ka san ƙarshen mutum ka fi yi masa uzuri. 'Yan wasa kuma da gashinsu take auna su. Wata jaruma tana ta rusa kuka an ce mijinta ya mutu jiya, Gwaggo ta taɓe baki ta ce ƙarya take, wannan kitson na kanta bai kwana biyu ba, kuma sai an zauna awa biyar ake gama shi.

Dokoki biyu gare ta, kowa ya san su. Ta farko, da zarar saƙo ya faɗo a wayar wadda take yi wa kitso, sai ta mayar da idonta kan tsaga har a gama karantawa. Ban taɓa jin sirrin wata ya fita daga bakinta ba. Ta biyu ita ce abin alfaharinta: ba ta maimaita kitso. Kowane kai da nasa zane. Takan dafa kan mutum ta jujjuya shi, ta duba inda gashi ya yi yawa da inda ya guje, sannan ta fitar da abin da ya dace da shi shi kaɗai. In kika zo da hoton wata kika ce irin wannan kike so, sai ta ce ki je ki aro kan waccan ɗin ki kawo. An yi fushi da ita a kan haka ba sau ɗaya ba, har wata amarya ta tashi da rabin kai ta fita. Shi ya sa a unguwarmu in aka ga kitson Gwaggo ana gane hannunta, ana kuma iya gane mai kan.

Ni malama ce a makarantar 'yan mata, ina koyar da ajin ƙarshe. Shekara goma sha tara na yi ina gina kwarjinina a makarantar nan. Ba na duka, ba na zagi, amma in na shigo aji ko tari ba a yi. Abin da aka fi sanina da shi kuwa gaisuwa. Yarinyar da aka gaishe ta ba ta amsa ba, ko ta wuce babba ba ta gaishe shi ba, sai ta fita ta sake shigowa ko sau biyar ne. Na san suna kwaikwayona a bayan ido, da yatsan nan nawa da nake kaɗawa, amma a gabana ba mai ɗaga kai. Ina son abina haka, ba zan ɓoye ba.

Ranar wata Juma'a aka ba mu hutun mako ɗaya, na wuce shagon Gwaggo kai tsaye. Ina da tabon ƙuna a ƙeya tun ina yarinya, wajen ba ya fitar da gashi, ita kaɗai ta iya rufe shi. Ran nan ta fitar da wani sabon abu. Ta taso da layuka bakwai daga kunnen hagu, ta karkato da su suka zagaye tabon kamar bayan dodon koɗi, sannan ta haɗe su da wasu uku da suka gangaro daga sama. Da ta riƙe min ƙaramin madubi na ga ƙeyata, sai da na yi mata addu'a. A kan benci akwai mutum biyu suna jira. Ɗaya mai sayar da turare ce da ake kira Jarida, don labari ba ya kwana a cikinta. Ɗayar kuwa ɗalibata ce, 'yar mai kantin magani, wadda duk abin da ta gani sai ajinsu ya ji. Dukansu sun taso sun leƙa, sun yaba.

Washegari tabarau ɗina ya karye. Na kai shi gyara aka ce sai yamma, ni kuma maimakon in koma gida in zauna sai na ce bari in shiga wani babban kantin tufafi in duba mayafi. In babu tabarau, mutum da itace duk ɗaya suke a wurina. Na hango wata doguwar mata tsaye a gefen teburin mai shago, ta sha doguwar riga da ɗankwali. Na matsa na gaishe ta har da ɗan rusunawa. Shiru. Na sake gaishe ta, na tambayi gida da yara. Ko kai ba ta juyo ba. Nan fa malantar ta motsa. Na ajiye jaka, na ɗaga yatsa, na shiga yi mata wa'azin tarbiyya. Da na ga abin nata ya wuce gona da iri sai na dafa hannunta don ta dube ni, hannun ya ciro ya biyo ni. Mutum-mutumin tallar kaya ne. Na ja da baya a firgice, mayafina ya maƙale a ɗaya hannun, ɗankwalina ya bi shi, na tsaya a tsakiyar kanti kai a buɗe ina rungume da hannun roba.

Na ɗauka a nan abin ya ƙare. Ashe wani mara aikin yi yana waje, ta bayan gilashi, ya ɗauke ni tun daga gaisuwar farko. Allah ya taimake ni ta baya ya ɗauka, fuskata ba ta fito ba, murya ma babu, sai wani kiɗa da suka ɗora. Amma kitson nan ya fito tar, layi bayan layi.

Kafin Litinin gari ya ɗauka. Ƙanwata ce ta turo min, tana cewa in kalli wannan baiwar Allah in yi dariya. Na kalla, ashe ni ce. An sa min suna Mai Gaisuwa. Wasu sun rage saurin bidiyon daidai inda hannun ya ciro, wasu samari sun yi nasu suna gaida turakun wutar lantarki, wata kuma ta rubuta cewa ko ba komai matar nan ta san darajar mutane. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne tambayar da kowa ke yi a ƙasan bidiyon: wace ce, a ina take? Na san in aka gano ni ce, na gama aiki a ajin nan. Ba korata za a yi ba, amma duk ran da na ɗaga yatsa 'yan mata arba'in za su tuna hannun roba. Kuma mutum biyun da suka fi kowa baki a unguwa sun ga ƙeyata ranar Juma'a.

Ranar Talata da safe na naɗe kaina da mayafi har biyu na nufi shagon, niyyata a tsefe kitson a huta. Na tarar da shago cike, ana kallon bidiyona a wayoyi uku a lokaci guda. Jarida na tsakiya tana kwaikwayon rusunawata, mata suna dariya har da riƙe ciki. Na zauna a ƙarshen benci kamar baƙuwa. Ina zama Jarida ta juyo ta ƙura min ido, ta ce ita fa kamar ta san kitson nan, kamar a shagon nan ta gan shi, ko ba haka ba Gwaggo?

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannuna ne, ba na musu. Amma kan wa, sai ki zaɓa. Ga guda a gabana, ga wata can tana ɗaura ɗankwali, jiya ma na sallami huɗu."

Sai a lokacin na duba da kyau. Matar da ke zaune tsakanin gwiwoyinta, layuka bakwai ne suka taso daga kunnenta na hagu suna zagaya ƙeya, ita da ba ta da tabon komai. Wadda ke gaban madubi ma haka. Jarida ta buɗe baki ta ce yaushe Gwaggo ta fara maimaita kitso? Gwaggo ta ce tun da ta tsufa basira ta fara ƙarewa, in Jarida na so ta hau layi. Ta kuwa hau.

Da shagon ya ɗan sarara na matsa kusa da ita, na yi ƙasa da murya na ce ta tsefe min. Ta ce a'a.

"Malama, kitson kwana huɗu in aka tsefe shi, an amsa laifi ke nan. Ki bar abinki. Ki saki mayafin nan ma, zafi ake yi, ke kaɗai kika naɗe kamar mai ciwon haƙori."

Na tambaye ta yaushe ta sani. Ta ce tun Lahadi da safe, a wayar wata mai jego. Tana ganin layin farko ta gane, ta kuma tuna su wa ke kan benci ranar Juma'a. Mai jegon nan ita ce ta farko da ta tashi da kitsona a kanta ba tare da ta san dalili ba. Daga nan Gwaggo ta ɗauki 'yar wayarta ta bi tsofaffin masu zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu su zo ta gwada musu wani abu. Matan da ta shekara tana hana su kitson wata, ga shi yau ita ke kiransu.

Kitson nan ba na wasa ba ne, sai an yi awa biyu da rabi a kansa in hannu ya saba. Gwaggo kuwa ta haura sittin, a da kai uku take yi a rana ta rufe shago. A makon nan tana buɗewa tun mai gyaran takalmi bai fito ba, tana yin biyar, wata rana shida. Na riƙa zuwa kullum ina zama a benci, ban san me zan yi mata ba ban da miƙa mataji. Sharhinta bai tsaya ba. Da aka sake kunna bidiyona a ƙarƙashin hancinta, ta ce ita ba ta ga abin dariya a wajen matar ba, wanda ya tsaya a bayan gilashi yana ɗaukar baiwar Allah maimakon ya shiga ya ce mata roba ce, shi ya kamata a nemo a gani. Sai wata ta canza zuwa bidiyon wani aku mai kwaikwayon kukan jariri.

Zuwa Alhamis abin ya fi ƙarfin kira. 'Yan mata suka fara zuwa da kansu suna neman kitson Mai Gaisuwa. Wasu masu kitso a wasu unguwanni suka kwaikwaya, nasu a karkace, Gwaggo ta gani a wayar wata ta yi tsaki ta ce sun mayar da dodon koɗi ƙahon rago. Na ga abin ya yi mata ciwo. Zanen da ta zauna ta ƙirƙira don kai ɗaya ya zama na kowa, har ana lalata shi a gabanta, kuma ita ta buɗe ƙofar. Wata tsohuwar mai zuwa wurinta ta faɗa mata a fuska cewa ta zubar da girmanta, yanzu ba ta da bambanci da masu kitson bakin kasuwa. Gwaggo ta ce ta ji, sannan ta ce wa matar don Allah ta sunkuyar da kai.

Ranar Litinin da aka koma makaranta na shiga aji. Suka miƙe suka gaishe ni, na amsa. A makarantarmu ba maza a ɓangaren azuzuwa, in zafi ya yi 'yan mata sukan zame ɗankwali. Na bi layi ina duba littattafai ina ƙirga ƙeya a zuci, na samu bakwai masu kitsona, har da 'yar mai kantin magani. Da na zo kanta ta ɗago ta dube ni, ta dubi gefen kaina, bakinta na motsi. Na tsaya ina jira.

"Malama, ashe ke ma kin yi na yayi," in ji ta.

Na ce mata na ga alama hutun nan kitso kawai ta yi, ina aikin gidan da na bayar? Ta sunkuyar da kai tana lalube a jaka. Ko ta yi zargi, ba ta da inda za ta kama, don a ɗakin malamai ma na tarar da shugabar makaranta ta cire ɗankwali tana nuna wa mutane nata. Bayan kwana goma wani bidiyon ya fito, na wani ango da kujera ta karye da shi, duniya ta koma can ta manta da ni.

Amma a ranar Litinin ɗin, da aka tashi, na biya shagon na tarar da shi a kulle da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Mai gyaran takalmi ya ce tun Asabar da yamma ba ta fito ba. Ya kwatanta min gidan, hawa na biyu a wani bene a bayan tashar mota. Sai a lokacin na lura shekara goma sha ɗaya ina zuwa wurinta ban san inda take kwana ba, na ji kunyar kaina.

Na same ta zaune a bakin gado, ta tsoma hannu biyu a kwanon ruwan ɗumi. Yatsun sun kumbura, gaɓoɓin sun yi suntum, babban yatsan dama ya tsage a gefe. Ta ce likita ya ce ta huta mako uku, ita kuma ta ce masa ta ji, kamar yadda take ce wa kowa. Na zauna a ƙasa kusa da kwanon. Duk jawabin godiyar da na shirya a hanya ya gudu, sai hawaye. Na tambaye ta me ya sa ta yi wa kanta haka a kan abin da bai wuce dariyar mako biyu ba.

Ta ce, "A wurinsu ne mako biyu. Ke da za ki tsaya gaban yaran nan har ki yi ritaya fa? Kuma ni na yi miki alamar da za a gane ki da ita, ai ba zan zauna ina kallo ba."

Sannan ta ɗan karkato kai ta ce abu ɗaya ne ke damunta. Ta kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari, amma kiɗa ya rufe komai. Tsakani da Allah, me na ce wa mutum-mutumin?

Na goge ido na faɗa mata. Na ce na tambaye ta ko a gidansu ba a koya mata amsa gaisuwa ba, na ce tsawo ba shi ne girma ba, na ce da ɗalibata ce da ta fita ta sake shigowa. Gwaggo ta fara dariya a hankali, sannan ta ƙyalƙyale har ruwan kwanon yana fantsama a zaninta. Duk makon nan mata sun yi ta dariyar abin a gabanta, ita ko murmushi ba ta yi ba, sai yau da ba kowa sai ni. Na taya ta, muka yi mai isarmu.

Dariyar ta sa ta tari. Na tashi na haɗa mata shayi na miƙa mata. Ta ciro hannuwan daga ruwa ta kai su jikin kofin, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Sai na durƙusa na riƙe mata kofin a baki, tana kurɓa a hankali har ta shanye.